Rediyon kati mai karanta Littafi Mai Tsarki: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma a kula da surorin hukunci

Rediyon da ake magana a kansa shi ne ɗan ƙaramin nan da bai fi tafin hannu biyu ba, mai lambobi daga 0 zuwa 9 a goshinsa, da ɗan gilashi mai jan rubutu, da ramin katin memori, da tocila a gefe, wani kuma har da ɗan faifan sola a bayansa. Sunayen da ake bugawa a jikinsa sun fi a ƙirga, amma kayan cikinsa kusan ɗaya ne. Ana samunsa a Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Center a Kano, yana kuma fita kasuwannin mako irin su Wudil ran Juma'a da Maigatari ran Alhamis. Shi rediyon ba ruwansa da addinin kowa, abin da mai shi ya sa masa shi zai faɗa. A ƙauyukan Hausawa Kirista na wajen Sumaila, Tudun Wada, Rogo da Roni, abin da ya fi dacewa a sa masa shi ne Littafi Mai Tsarki na sauti, kuma a kan wannan aikin muka auna shi.

A saye shi. Tsohuwar da ido ya yi wa rauni, da manomin da bai zauna a aji ba, da ƙaramar ikilisiyar da Baba Fasto ke leƙowa sau ɗaya a wata, duk za su ji Maganar Allah da harshensu ba sai sun jira mai karatu ba. Sai dai yana da wani rauni da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, don shi ma bai san da shi ba. Rediyon sura-sura yake karatu: ya gama ɗaya, a danna ya tsaya, a shiga tattaunawa. Nassosin da ke maganar hukuncin Allah a kan mugaye kuwa, yawancinsu ba sa ƙare zancensu a sura guda. Za mu zo kan wannan, amma a fara da ƙarfen.

Batir ne ke fara mutuwa. Akwai rediyo mai cin fallen batirin tsofaffin wayoyin Nokia, BL-5C, wanda ƙarfinsa bai wuce 1,020 mAh ba (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka), akwai kuma mai cin dogon batir mai kama da guntun rake, 18650. Ɗauki na biyun. Kafin ka biya, sa mai kaya ya buɗe murfin ka ɗaga batirin a hannunka. Na ƙwarai yana da nauyi, wajen giram 45. Wanda ka ji shi sakayau kamar kara, to cikinsa ba abin kirki. Rubutun jikinsa ma yana tona asiri, domin 18650 na gaskiya da ƙyar yake haura 3,500 mAh, saboda haka duk wanda aka buga wa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Gara mai 2,000 na gaskiya. Idan rediyon yana jan kamar 200 mA da murya matsakaiciya, wannan zai kai ka sa'a 10 a lissafi, wato nazarin mako biyu da addu'ar safe. Tocilar ce ke shanye cajin a ɓoye, yara kuma ita suka fi so.

Faifan solar da ke manne a bayansa rabinsa ado ne. Faifai mai wannan girman bai fi ya ba da 100 mA ba ko da rana ta take, ke nan batirin 2,000 yana bukatar sa'a 20 na rana sosai, kwana uku zuwa huɗu. Abin da ya fi wannan muni, kafin faifan ya sha rana sai rediyon duka ya sha. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano da Jigawa yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwanon rufi, batirin litiyam kuwa ba ya son caji in ya wuce digiri 45. Wata biyu na irin wannan gashin sai ka ga ba ya riƙe caji, na fallen ma har ya kumbura ya ture murfi. A nemi faifai daban mai wat 5 da doguwar waya, a sa shi a rana, rediyon yana ɗaki. Da hunturu a riƙa share faifan kowace safiya da tsumma mai laushi, don ƙura tana rage masa ƙarfi sosai.

Lasifikarsa ta isa mutum 15 zuwa 20 a zaure ko ƙarƙashin darbejiya. Majami'a cike ta fi ƙarfinta. In aka ƙure murya sai ta fara kakkarwa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, a rasa “faɗa” ake cewa ko “fada”. Kashi uku cikin huɗu ya isa. Akwai kuma wani dalilin rage murya: a ƙauye katanga ɗaya ce tsakaninka da kawunka Musulmi, kuma babu ladabi a kunna surar Gidan Wuta da ƙarfi har ta zama habaici.

Kati shi ne rabin cinikin. Yawancin waɗannan rediyoyin ba sa karanta katin da ya wuce 32GB, domin manyan katuna da tsarin exFAT suke zuwa, shi kuwa FAT32 ya sani. Ba ka ma bukatar babba. Ɗauka karatun Littafi Mai Tsarki duka sa'a 80 ne: a ingancin 64 kbps sa'a ɗaya tana cin kusan 29MB, jimla 2.3GB, a 128 kbps kuma 4.6GB. Katin 8GB ya wadatar. Kada a yarda da sautin da aka matse ya yi ƙasa da 48 kbps, muryar takan zama kamar daga cikin rijiya. Katin jabu kuma yana da wata mugunta: yana nuna ya karɓi komai, amma abin da aka tura daga baya ba ya nan. Da yake Sabon Alkawari ne ke shiga a ƙarshe, shi ne ke lalacewa. Mutum ya koma gida da Littafi mai dokoki da annabawa, babu Bishara.

Don haka ga gwajin da za a yi a tsaye a gaban mai kaya. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da sura 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabo 260. In an jera su daidai, lamba 1 Farawa 1 ce, 479 Zabura 1, 930 Matiyu 1, 1000 Yahaya 3, 1189 kuma surar ƙarshe ta Wahayin Yahaya. Danna biyar ɗin nan ka saurari rabin minti a kowace. Akwai rediyon da ba ya ƙirga abin da ya wuce 999, kuma dubi inda wannan ke tsayawa: a Yahaya 2, taki ɗaya kafin surar da ta ce Allah bai aiko Ɗansa domin ya hukunta duniya ba, sai domin duniya ta tsira ta wurinsa. Irin wannan rediyon a mayar da shi. 'Yan Katolika su lura, nasu littattafai 73 ne, lambobin nan ba za su yi musu daidai ba in katin ya haɗa da sauran bakwai ɗin.

In ka danna 479 ka ji Ayuba ko wata waƙa, ba lalle rediyon ne da laifi ba. Ba ya bin sunan fayil, yana bin wanda ya riga shiga kati. Maganinsa a kwamfuta yake: a wanke katin da FAT32, a sa wa kowace sura lamba mai gurbi huɗu a farkon sunanta, 0001, 0002, har 1189, a jera su bisa suna, a tura su a karo ɗaya, kada a ƙara komai a kai. Ranar da yaron gida ya kai katin wurin masu caji aka tura masa waƙoƙi uku, lissafi ya rushe, ba a ma maganar cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli. Ƙaramin kati ba shi da makulli, makullinsa shi ne salatif a bakin ramin.

Sai fassara. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka yi fassarar 1979 da ta cika majami'u, daga baya Biblica ta fito da Sabon Rai Don Kowa. Danna 998, farkon Bishara ta huɗu, ka ji ko mai karatu zai ce Yahaya ko Yohanna, ka gwada da littafin da ake karantawa a sujadarku. In ba su dace ba, dattawa za su yi ta gardamar kalma maimakon ma'ana. Akwai kuma karatu mai muryoyi da kiɗa da ƙarar tsawa. Yana da daɗin ji a Farawa da Ayyukan Manzanni, amma a Wahayi kiɗan yana danne magana a ƙaramar lasifika, yara su tafi da tsoron ƙarar ba tare da sun riƙe ko aya ɗaya ba. Don nazari, murya ɗaya tsura ta fi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Danna 1047, Romawa 1. Daga aya 18 Bulus ya fara da fushin Allah da ke bayyana daga sama, ya lissafo laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da “su” yake magana: sun yi kaza, Allah ya sallama su ga kaza. Masu sauraro suna gyaɗa kai, kowa da wanda ya faɗo masa a rai. Sura ta ƙare, Malam ya danna, aka shiga zancen lalacewar mutanen zamani. Alhali Bulus tarko ya ɗana. Ayar farko ta sura 2 ta juyo da “kai”: kai mai ganin laifin wani ba ka da hujja, don abin da kake hukunta wani a kai kai ma kana yi. Aya 4 ta ce alherin Allah jan mutum yake zuwa tuba, aya 11 ta ce Allah ba ya tara, sai a 3:23 zuwa 26 maganar ta sauka: duka sun yi zunubi, kuma a kan gicciye Allah ya nuna shi mai adalci ne, shi ne kuma mai kuɓutar da mai ba da gaskiya. Ba Bulus ne ya yanka wasiƙarsa a nan ba. Rabon surori aikin Stephen Langton ne, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya buga su a 1551. Mai littafi a hannu idonsa yana hango sura ta gaba a shafi ɗaya. Mai rediyo ba ya hango komai. Saboda haka 1047 ba a kunna ta ita kaɗai, a bar shi ya wuce har 1049. Ayoyi 92 ne, ba su kai tsawon wa'azi ɗaya ba.

Matsala ta biyu daga kunnen mai sauraro take. Bahaushe ya zo da nasa karatun tun daga gida: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Littafi Mai Tsarki bai ƙi wannan ba, Zabura 7 da Karin Magana 26 sun yi maganar mai haƙa rami ya faɗa ciki. Kuskuren yana zuwa ne in aka juya maganar ta baya, aka ce duk wanda ya faɗa rami shi ya haƙa. Rumbun wane ya ƙone, tsawa ta kashe shanun wane, ambaliya ta cinye shinkafar mutanen Auyo da Haɗeja, sai a fara tambayar me suka yi wa Allah. Ga wannan akwai sura uku da ya kamata kowane mai bishara ya haddace lambarsu. 986 ita ce Luka 13, inda Yesu ya kawo mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa cewa a'a, sa'an nan ya juyo kan masu sauraronsa ya ce su tuba. Bayanta nan take ga misalin ɓauren da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba, mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya ya yi masa kaftu ya zuba taki. Kada a tsayar da rediyo kafin aya 9. 1006 ita ce Yahaya 9, makaho tun haihuwa, ba laifinsa ba, ba na iyayensa ba. 457 kuma Ayuba 21 ce, inda Ayuba ya faɗa wa abokansa abin da kowane manomi ya gani da idonsa: akwai mugun da ke tsufa cikin daula, shanunsa suna haihuwa, ya mutu a kan gadonsa. Littafin Ayuba ma yana da nasa haɗarin a rediyo. Wanda ya kunna sura 18 ko 20 zai ji bayani mai zafi a kan ƙarshen mugu, ya ɗauka Allah ne ke magana, alhali Bildad ne da Zofar, waɗanda Allah ya ce a 42:7 ba su faɗi daidai game da shi ba. A takarda sunan mai magana yana nan a saman sura kana iya komawa. A kunne sau ɗaya ake faɗarsa ya wuce.

Me ya sa hukuncin ke jinkiri? Manomin gero ba ya bukatar dogon bayani a kan Matiyu 13, lamba 942. Ya san shibra, ya san yadda take kama da gero tun suna ƙanana har sai an fitar da kai, ya san kuma mai garajen cirewa yakan tumɓuke na kirki. A misalin alkama da ciyawa da ke surar, bayi ne suka nemi cirewa, maigida ya hana har kaka. Fassarar misalin tana ayoyi 36 zuwa 43, bayan wasu misalai biyu sun shiga tsakani, kuma can ne aka ce masu girbin mala'iku ne. Wanda ya tsaya a aya 30 bai ji wannan ba. A haɗa ta da 1159, wato 2 Bitrus 3, mai cewa jinkirin haƙuri ne, Ubangiji ba ya so kowa ya hallaka.

Maɓallin maimaitawa shi ne abin da muka fi jin tsoro a jikin rediyon nan. In gilashi ya nuna ONE, sura ɗaya zai yi ta juyawa har batir ya mutu. Don haddar Zabura 23 babu kamarsa. Amma shi ne kuma ke mayar da Zabura 109, lamba 587, ta zama laya: a kunna ta dare guda da sunan wanda ya ci iyakar gona ko wadda ake zargi da sammu, ana jin kwanakinsa su gajarta, 'ya'yansa su zama marayu, matarsa gwauruwa. Ba a share wannan zabura daga kati, Maganar Allah ce, kuma wanda aka zalunta yana da izinin kai kukansa yadda yake. Ko shahidai a Wahayi 6:10 sun yi kukan har yaushe. Abin lura shi ne inda kukan ya nufa. Mai zaburar ya miƙa ƙararsa ga Alƙali ya sauke hannunsa, Dawudan da zaburar ke ɗauke da sunansa kuwa sau biyu Saul yana faɗowa hannunsa yana ƙyale shi, a 1 Sama'ila 24 da 26. Ikilisiya tana karanta irin waɗannan zabura ne tare da Romawa 12:19 zuwa 21, lamba 1058, inda ramuwa ta zama ta Ubangiji, aikin mai bi kuma ya ciyar da maƙiyinsa in yana jin yunwa, da Matiyu 5, lamba 934, da addu'ar Yesu a kan gicciye a Luka 23, lamba 996. Ga mai ciwon rai a kan arzikin azzalumi, 515 da 551 sun fi yi masa magani, wato Zabura 37 da 73. Ta 73 sai an kai aya 17 take juyawa, rabinta na farko ƙorafi ne zalla, kada barci ya ɗauke mutum a nan. Mama shugabar zumuntar mata, in rediyon ƙungiya yana kwana gida-gida, ki riƙa duba lambar da ya tsaya a kai in ya dawo. Yawancinsu suna tuna wurin da aka kashe su, kuma lambar takan gaya miki wadda ke bukatar ziyara.

Alamar RAND kuwa, mai tsinto surori barkatai, a koya wa kowa yadda ake fita daga cikinta. Ba ta da amfani ko ɗaya a wannan katin.

Wasu surorin tagwaye ne. Yunusa, 890 zuwa 893, da Nahum, 901 zuwa 903, birni ɗaya suke magana a kai, Nineba, wadda kufanta ke gefen Mosul a Iraƙi. A na farko ta tuba aka ƙyale ta, annabi ya yi fushi, Allah ya tambaye shi ko ba zai ji tausayin mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa ba. A na biyu ta koma ga zubar da jini, ta kuwa faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu a hannun Babilawa da Mediyawa. Littattafan biyu duk daga Fitowa 34:6 da 7 suka ɗebo, lamba 84: Yunusa 4:2 ya ɗauki jinƙai da jinkirin fushi, Nahum 1:3 ya ɗauki jinkirin fushi da cewa ba za a ƙyale mai laifi ba. Farawa 19 ma, labarin hallakar Saduma, ba a jin ta sai da 18, inda Ibrahim ya yi ta ragi daga adalai 50 zuwa 45, 40, 30, 20, har 10, a kan cewa Mai shari'ar dukan duniya ba zai hallaka adali tare da mugu ba. Ezekiyel 16:49 ya ƙara da cewa cikin laifin Saduma akwai girmankai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauci, amma a yi hattara, surar nan mai lamba 818 tana da kalamai masu nauyi da ba a kunnawa gaban yara ko surukai. Wannan ayar Malam ya karanta ta da bakinsa.

A ikilisiyoyin da kakanni suka yi bori da tsafi, tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ko alhakinsu yana bin jikoki. Fitowa 20:5 ita ake kawowa. A kunna 820, Ezekiyel 18, a bar ta ta kai aya 32. Mutanen lokacin suna da karin maganarsu, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, Allah ya hana faɗarta: wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, kuma shi ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Wahalar da uba ya jawo takan taɓa gida, wannan kowa ya sani, amma a gaban shari'a kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Akwai abin da rediyo ba zai taɓa yi ba, shi ne bayanin kalma. Littafin takarda yakan sa ɗan bayani a ƙasan shafi, sauti ba ya karanta shi. Kalmomin asali uku ne kunnen Bahaushe ke tarawa a wuri ɗaya. Sheol na Ibrananci, mai fitowa fiye da sau 60 a Tsohon Alkawari, wurin matattu ne gaba ɗaya, har Yakubu ya ce can zai tarar da ɗansa a Farawa 37:35. Hades takwaransa ne a Helenanci, can mai arzikin Luka 16 ya ɗaga ido, amma Wahayi 20:14 ta ce mutuwa da Hades su ma za a jefa su tafkin wuta, ke nan ba shi ne masaukin ƙarshe ba. Gehenna kuwa daga Kwarin Hinnom ne a kudancin Urushalima, inda aka taɓa ƙona yara hadaya, Irmiya 7:31, kuma daga tushe ɗaya kalmar Jahannama ta fito. Sau 12 ta zo a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a Yakubu 3:6. In mai sauraro ya ji lahira, ko Gidan Wuta, ko Jahannama, yakan cika sauran hoton da abin da ya taso yana ji a gari, har da mizani da siraɗi, waɗanda koyarwar maƙwabtanmu Musulmi ce, ba ta waɗannan surorin ba. Aikin mai koyarwa ne ya tsayar da rediyo ya faɗi wace kalma ce a wurin.

Matiyu 25, lamba 954, tana nuna wani ƙaramin aibin na'urar: ba ta zuwa aya. Tumaki da awaki sai a aya 31 suke farawa cikin 46, sai ka danne maɓallin gaba ka riƙe, a wasu rediyoyin kuma riƙewar murya take ƙarawa, ko ta tsallaka sura. A gwada wannan tun a kasuwa. In yana yi, a rubuta mintin da sashen ya fara. Ma'aunin da Sarkin ya kawo abubuwa shida ne na yau da kullum, yunwa, ƙishirwa, baƙunci, tsiraici, ciwo da kurkuku, kuma ɓangarorin biyu duk mamaki suka yi. Don kada a tashi da cewa sadaka ke sayen ceto, a biyo ta da 1099, Afisawa 2, har aya 10, inda ceto ya zama kyauta, ayyuka kuma 'ya'yansa. A Matiyu 25:46 kalma ɗaya ce ta Helenanci ta siffanta hukuncin da kuma ran, a kanta ECWA da Angilikan da Baftis da Katolika suka tsaya cewa hukuncin madawwami ne, Adbentis kuwa suna koyar da cewa mugaye za su hallaka su ƙare. Mun kawo wannan ne saboda katunan da ake cikawa da wa'azozi kyauta. Mai turi ba ya tantancewa, abin da ke kwamfutarsa yake zubawa. Wa'azin da ba a san mai shi ba kada ya zauna a kati ɗaya da Littafi Mai Tsarki, domin tsohuwar da ke sauraro ba ta ganin inda nassi ya ƙare mutum ya fara. A karɓi sautin daga shagon littattafan ikilisiya ko ofishin gunduma, a ajiye kwafi ɗaya a wurin fasto.

Dabarar da ta fi duka arha ita ce kati na biyu, ko 2GB ya isa, mai sura 20 zuwa 30 kawai da aka jera yadda za a koyar: Farawa 18 da 19, Fitowa 34, Yunusa da Nahum, Ezekiyel 18 da 33, Ayuba 21, Zabura 73, Luka 13, Matiyu 13, Romawa 1 zuwa 3, Matiyu 25 da Afisawa 2, Yahaya 3 da 5, sai Wahayi 20 manne da 21, don kada a tashi a bakin tafkin wuta ba a ji an share hawaye ba. Mai kwamfuta yana iya haɗa tagwayen surori su zama fayil ɗaya da Audacity, manhaja ce ta kyauta, ta yadda ko an so tsayawa a tsakiya rediyon ba zai ba da dama ba. Inda babu kwamfuta, takarda ta wadatar: a rubuta lambobin bibbiyu da manyan baƙaƙe, 1047 zuwa 1049, 587 da 1058, 893 da 901, 1187 da 1188, a sa a leda saboda damina, a manna a gefen rediyon, ba a kan faifan sola ba, ba kuma a kan ramukan lasifika ba.